Haƙƙin Yaro Mai Sikila da Mai Ciwon Daji a Wuyan Mutanen Jalingo



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga fiyayyen halitta, ina roƙon ku ara mini hankalinku a kan waɗansu yara waɗanda da wuya a sami unguwa a garin nan, daga Mayo Gwoi zuwa Sabon Gari, daga Magami zuwa Kona, wadda ba ta yi jinyar ɗayansu ba ko ta raka shi makwancinsa: yaran da aka haifa da amosanin jini, wanda muka fi kira sikila, da yaran da ciwon daji ke kamawa tun ba su isa munzali ba. Abin da nake so in tabbatar a gabanku shi ne, ilimin da duniya ke warkar da irin waɗannan yara da shi a yau, babban kaso nasa a jikin 'ya'yan Afirka aka karanto shi, a asibitocin da a zamaninsu ba su fi namu na yanzu kayan aiki ba, ta hannun mutanen da suka yi haƙurin dubawa da rubutawa da bin sawu. Saboda haka wajibi ne 'ya'yanmu su ci moriyar wannan ilimi, wajibi ne kuma mu ƙara wani abu a kansa daga nan Jalingo.

Da amosanin jini zan fara, domin shi ya fi yawa, kuma shi muka saba da shi har sabo ya sa muka daina ganin girmansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu wannan larura a Nijeriya kowace shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a cikinmu yana ɗauke da rabin gadon cutar, wato abin da takardar asibiti ke rubutawa AS, yana zaune lafiya lau bai sani ba. Asalin larurar a cikin jajayen ƙwayoyin jini yake. A jikin mai lafiya ƙwayar tana da laushi, tana ratsa siraran jijiyoyi tana kai wa gaɓoɓi iska har kwana 120 kafin ta mutu a maye gurbinta. Amma a jikin wanda ya gaji cutar ta wajen uwa da ta wajen uba duka, wato mai SS, da zarar ƙwayar ta sauke iskar da ta ɗauko sai ta sandare ta tanƙware kamar lauje, ta tsaya ta toshe hanya, kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 a raye. Daga toshewar nan ne azabar ciwon ƙashi take zuwa, daga saurin mutuwar ƙwayoyin kuma ƙarancin jini da rawayar ido, wadda akan ɗauka shawara ce.

Iyayenmu mata sun fi kowa sanin yadda abin yake farawa. Jariri ya yi wata biyar ko shida yana ƙiba yana wasa, domin jinin da ya fito da shi daga ciki yana kare shi, sai ran nan a wayi gari bayan hannunsa da bayan ƙafarsa sun kumbura sun yi zafi, in an taɓa shi ya canyara ihu, ya ƙi mama; kaka ta ce sanyi ne ya shige shi, maƙwabciya ta ce a kira wanzami ya yi masa tsaga, uba ya sayo maganin zazzaɓi a kemis, bayan mako guda kumburin ya saɓe da kansa, kowa ya ce Alhamdu lillahi. Alhali kuwa wannan kumburi shi ne shelar farko da cutar take yi, kuma da a ranar an ɗiga jinin yaron an auna, da an san irin rainon da za a yi masa har ya girma.

Tun 1910 wani likita a birnin Shikago, James Herrick, ya siffanta waɗannan ƙwayoyi bayan ya gan su a jinin wani ɗalibi baƙar fata, kuma a 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai AS ya fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ne sababin yawaitar wannan gado a duk inda sauro ya yawaita, kamar kwarin Binuwai da muke zaune a gefensa. Amma nazarin da ya fi sosa mini rai a ƙasar Hausa aka yi shi. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da dogon bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa, kuma cikin waɗanda suka yi nazarin jinin mutanen wurin akwai Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Suka tarar kimanin 2 cikin kowane jarirai 100 SS ne, amma da suka nemi irinsu a cikin manyan yara da baligai sai suka rasa, in ban da ɗai-ɗai. Ma'ana, fiye da 9 cikin 10 sun riga sun kwanta dama, ba tare da an taɓa kiran cutarsu da sunanta ba. Irin waɗannan ne a ƙauyukanmu ake cewa zazzaɓi ya ɗauke su, ko a ce uwarsu wabi take yi.

Ajali na Allah ne, babu mai ja da wannan. Sai dai malamanmu sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma sababin a nan ba mai tsada ba ne. A tsibirin Jamaika, daga 1973, Graham Serjeant da abokan aikinsa suka auna jinin jarirai 100,000 a ranar haihuwa, suka rubuta masu sikila, suka bi su shekara da shekaru. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka gano yana kashe ƙanana shi ne saifa ta kumbura farat ɗaya ta tsare jinin jiki a cikinta, yaro ya yi fari fat ya galabaita cikin 'yan sa'o'i. Sai suka koya wa iyaye mata lalubar saifa: uwa ta kwantar da ɗanta rigingine bayan wanka, ta sa yatsunta a ƙasan haƙarƙarin hagu ta danna a hankali, ta san iyakar inda saifar take tsayawa kullum, ranar da ta ji ta sauko ta wuce nan kuwa ta goya shi sai asibiti, ko da tsakar dare ne. Da wannan kaɗai mutuwar da ake yi a irin wannan farmaki ta sauko daga kusan 3 cikin 10 zuwa kusan 3 cikin 100. A 1986 kuma aka tabbatar a Amurka cewa ba ƙaramin yaro mai sikila fenisilin safe da yamma yana rage masa mugun ciwon ƙwayoyin cuta a jini da kashi 84 cikin 100. Ku haɗa wannan da allurar rigakafi, da gidan sauro, da maganin kariya daga zazzaɓi, da shan ruwa da yawa, da rigar sanyi lokacin hunturu da damina, za ku ga babu abin da ya fi ƙarfin ƙaramin asibitin ƙauye.

Akwai wata musiba ta sikila da ta fi ciwon ƙashi muni, ita ce shanyewar ɓarin jiki, wadda takan sami kimanin yaro 1 cikin 10 kafin ya shekara ashirin. Ana iya hango ta tun ba ta auku ba, ta hanyar wata na'ura da ake ɗora bakinta a gefen kan yaro, gaban kunne, ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa; idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, to jijiyar ta ƙuntata, yaron yana bakin haɗari. A 1998 Amurkawa suka nuna cewa ƙarin jini wata-wata yana kawar da kusan kashi 90 cikin 100 na wannan haɗari, amma wane uba ne a Zing ko Bali zai iya samo wa ɗansa leda guda ta jini kowane wata har shekaru? Likitocin Kano ne suka amsa wannan tambaya. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da wasu asibitocin Kano da Kaduna, Dokta Najibah Galadanci da Dokta Shehu Abdullahi da abokan aikinsu, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka ɗauki yara 220 da na'urar ta nuna suna cikin haɗari, suka ba su ƙwayar haidiroksiyuriya kullum, rabi ƙaramin awo rabi matsakaici, suka bi su, kuma a 2022 suka buga sakamakon cewa shanyewar jiki ta yi ƙaranci ƙwarai a ɓangarorin biyu, har ƙaramin awon ma ya wadatar. Wannan ƙwaya ana harhaɗa ta a cikin Nijeriya. Haƙiƙa ana dashen ɓargo, an fara yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, kuma a 2023 Ingila da Amurka sun amince da maganin gyaran ƙwayar gado wanda kuɗinsa ya haura dala miliyan biyu. Amma abin da zai ceci dubban yaranmu a wannan zamani shi ne na'urar nan a asibitocin garin nan, da ma'aikacin da ya iya ta, da ƙwayar da ba ta yankewa a ɗakin magani.

Dole in tsaya a kan maganar aure, domin a nan ne zalunci yake shigowa. Idan miji AS ne matar ma AS ce, to kowane ciki da za ta ɗauka yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zama SS. Kowane ciki ƙuri'arsa daban, don haka ana iya haifar huɗu babu mai ciwon, ana iya haifar uku a jere duk masu shi. Rabin gadon daga uba yake zuwa, babu makawa. To, da wane dalili na shari'a ko na hankali ake cewa mace ta kawo wa dangi ciwo, har a sake ta a bar ta da jinya, mijin ya je ya auro wata AS ɗin a sake maimaita abin? Kiyaye rai da kiyaye zuri'a suna cikin manyan manufofin shari'a, kuma a kan wannan ne Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure a 2024. Ra'ayina shi ne gwajin da ake yi bayan an sa rana, an kai lefe, zukata sun riga sun ƙullu, ya zo a makare, kuma shi ke haifar da sayen takardar ƙarya. A yi wa yaro tun yana jariri ko yana firamare, a maimaita a wani ɗakin gwajin don tabbaci, ya tashi ya san kansa. Kuma kada gwaji ya zama dalilin ƙyamar masu sikila, domin mai SS da ya auri mai AA, wato wadda ba ta ɗauke da gadon cutar, ba zai haifi mai ciwon ba, kuma muna da su cikin malamai da alƙalai da likitoci.

Wata larurar jini da zan ambata a gurguje ita ce ta rashin daskarewar jini, wadda uwa ke ɗauke da ita 'ya'yanta maza su gada. Tun ƙarni na goma Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba, ya ba da labarin mutanen da mazansu ke mutuwa saboda zubar jini daga ɗan ƙaramin rauni. Wanzamai su ne farkon masu ganinta. In an yi wa yaro kaciya jini ya ƙi tsayawa, ko aka ce kawunsa na wajen uwa ta haka ya rasu, to kada a sake sa aska a jikin ƙannensa sai an je asibiti.

Mu juya ga ciwon daji. Kimanin yara da matasa 400,000 ne yake kamawa a duniya kowace shekara. A ƙasashe masu wadata fiye da 80 cikin 100 suna warkewa, a ƙasashe irin tamu ba su kai 30 ba, kuma saboda wannan tazara ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura niyya a 2018 cewa kafin 2030 a kai 60. Nau'in dajin yara da ya fi shafarmu tarihinsa darasi ne. A 1957, a asibitin Mulago na birnin Kamfala a Yuganda, aka nuna wa wani likitan fiɗa mutumin Ailan, Denis Burkitt, yaro ɗan shekara biyar wanda muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, hagu da dama. Ba a jima ba ya sake ganin wani mai irin wannan kumburi. Maimakon ya yi mamaki ya wuce, sai ya koma cikin tsofaffin takardun asibiti ya tattara yara 38 ya buga bayaninsu a 1958, ya aika da hotuna da tambayoyi zuwa asibitocin gwamnati da na mishan a faɗin nahiyar, sa'an nan a 1961 shi da abokansa likitoci biyu suka shiga tsohuwar mota suka yi tafiyar kimanin mil 10,000, asibiti bayan asibiti, suna tambaya suna sa alama a taswira. Taswirar ta nuna ciwon yana bin ƙasa mai zafi da ruwan sama, yana kuma ƙaranci matuƙa a kan tsaunukan da suka haura mita 1,500, inda sanyi ke hana sauro sakewa. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata bairas a cikin tsokar da aka aika musu Landan daga Kamfala, ita ce ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. Abin da aka fahimta daga baya shi ne, kusan duk yaranmu suna kamuwa da wannan bairas tun suna ƙanana ba tare da ta cutar da su ba, amma zazzaɓin cizon sauro mai yawan maimaituwa yana tunzura fararen ƙwayoyin jini su yi ta hayayyafa, yana kuma raunana tsaron da ke danne bairas ɗin, har wata ƙwaya guda ta kuskure a tsarin halittarta ta ƙi daina rabuwa.

Nijeriya tana da hannu dumu-dumu a wannan aiki. A Asibitin Koyarwa na Ibadan, a 1963, Farfesa Pulvertaft ya raya ƙwayoyin wannan ciwo daga jikin wani yaro ɗan shekara 11, kuma har yau zuri'ar waɗannan ƙwayoyi tana raye a ɗakunan bincike na duniya ana gwada magunguna a kanta. A Ibadan ɗin ne kuma Farfesa Victor Ngu, mutumin Kamaru, ya yi ta warkar da yara da allurar saikulofosfamaid, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Lasker a 1972 tare da Burkitt da wasu. Wannan ciwo yana ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma saurin nasa shi ne lagonsa, domin magani yana narkar da shi da sauri, kuma ba ya bukatar na'urar gashi irin wadda sai an je Gombe ko Maiduguri ko Abuja. A hayin iyakarmu, a asibitocin mishan na Banso da Mbingo a Kamaru, Farfesa Peter Hesseling da likitoci da ma'aikatan jinya na wurin sun yi amfani da wannan tsohon magani mai araha, suka haɗa da ciyar da masu jinya da bin yara har gida, suka sami kimanin 60 cikin 100 suna raye ciwon bai dawo ba. Banso ba ta da nisa da Mambila. Abin da ya yiwu a can babu dalilin da zai hana shi yiwuwa a nan.

A nan ne nake so ɗalibanmu na Jami'ar Jihar Taraba da na Jami'ar Tarayya ta Wukari su buɗe kunne. Abin da Burkitt ya keta ƙasashe don ya gani, Allah ya tattara mana shi a cikin jiha guda: ga fadamun Lau da Ibi da Karim Lamido inda sauro yake sarauta, ga Gembu da Nguroje da Maisamari a kan tsauni mai tsayin da taswirarsa ta ce ciwon yana ƙaranci, har zuwa Chappal Waddi mai mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Nijeriya. Shin wannan bambanci yana nan har yau tsakanin yaran kwari da yaran tudu? Shin rabon gidan sauro da maganin kariya na damina yana rage ciwon a kwari? Yaya sanyin Mambila yake yi wa mai sikila? Waɗannan tambayoyi ne da duniya za ta saurari amsarsu, kuma littafin rajista da madubin likita sun isa a fara.

Sauran nau'o'in alamominsu kawai zan faɗa, don uwa ta riƙe. Farin abu mai ƙyalli a tsakiyar baƙin idon yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, wanda ya fi bayyana da dare ko a hoton waya, yana iya zama dajin ido, kuma cire ido ɗaya da wuri, duk da ɗacinsa, yana ceton rai da ɗaya idon. Ƙullutu mai tauri a gefen ciki da aka ji wajen wanka yana iya zama dajin ƙoda. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro sau biyu sau uku, tare da fari fat, da ciwon ƙashi, da haɓo ko jini a dasashi, da kaluluwa, yana iya zama sankarar jini, wadda ake yawan ɗauka sikila ce, alhali ɗigon jini a kan gilashi ƙarƙashin madubi yana iya raba gardama. Wannan sankara kafin 1948, lokacin da Sidney Farber ya fara danne ta da magani a Boston, duk yaron da ta kama ya tafi. Yau kusan 90 cikin 100 suna warkewa a inda ake kammala magani. Ɗaya daga cikin magungunanta, binkiristin, daga wata fulawa 'yar asalin Madagaska aka tato shi, wadda har a ƙofar gidajenmu ake shukawa don ado. Wannan hujja ce cewa akwai magani a itatuwa, hujja ce kuma cewa sai an tace an auna an gwada kafin a ba yaro.

Me ke hana mu kaiwa inda Banso ta kai? Na farko jinkiri. An gaji wata magana cewa daji ba ya son ƙarfe, in an yi masa allura ko aka sa wuƙa sai ya fantsama, saboda haka yaron da haƙoransa suka fara girgiɗi kuncinsa ya tasa sai a ce hangum ne, a shafa masa magani, a cire haƙori, a yi sakiya, har wata biyu, sa'an nan a kawo shi ido ya turo waje. In ya rasu a asibiti sai a ce ga shi nan, allura ce ta kashe shi, maganar ta ƙara ƙarfi. Na biyu, wanda ya fi ciwo, yankewar magani. Manomi ya sayar da buhunan masararsa ko ɗan maraƙinsa, ya yi tafiyar yini guda daga Gembu ta Serti da Bali, ko ya ƙetaro Binuwai a kwalekwale. Aka yi wa ɗansa allurar farko, cikin mako guda kumburin ya sace, yaro ya tashi yana neman tuwo. Ga damina ta kankama gona tana jira, ga sauran yara an bar wa maƙwabta, ga uwar tana kwana a barandar asibiti, kuɗin abinci ya ƙare. Ya dubi ɗansa ya ga ya warke, ya ɗauke shi. Bayan wata biyu ciwon ya dawo, kuma wannan karon ba ya jin maganin. A katin yaron za a rubuta cewa iyaye sun gudu. Ni ban ga laifin wannan uba ba kamar yadda na ga laifin al'ummar da ta bar shi ya zaɓa tsakanin ɗa guda da abincin sauran.

Imamu Gazali ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, waɗanda in babu mai tsayawa da su a gari duk garin ya yi zunubi, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk nauyin mulki, ya zauna ya wallafa littattafai a kan magani. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da waƙafi aka riƙe shi ƙarni bayan ƙarni, mara lafiya bai biya ko anini ba. Ina attajiran Jalingo? Gida mai ɗakuna goma kusa da asibiti, da buhun shinkafa da kuɗin mota, a yi waƙafinsu ga iyayen da suka zo jinya daga nesa, zai ceci rayukan da na'ura mai tsada ba za ta ceta ba, kuma majami'u suna da irin wannan al'ada ta hidima tun zamanin asibitocin mishan. Haka batun jini: mai sikila da mai sankara duka a kan ƙarin jini suke rayuwa, kuma muddin sai an kwantar da yaro sa'an nan uba zai fita neman dangi ko mai sayarwa, za a ci gaba da rasa su a bakin ƙofar ɗakin gwaji. Namiji lafiyayye yana iya bayarwa duk bayan wata uku ba abin da zai same shi. Liman ya faɗa ranar Juma'a, fasto ya faɗa ranar Lahadi, su kuma fara miƙa nasu hannun. Wanda kuma ciwonsa ya wuce magani, haƙƙinsa ne a kashe masa zafi da mofin na sha, kada a sallame shi ya je gida yana kururuwa.

Na san kalmar bincike tana da tabo a Arewa, kuma tabon yana da asali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba balle a nemi yardarsu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Gubar wannan lamari ta shafi har rigakafin shan inna. Darasin shi ne bincike amana ce: a yi wa uba da uwa bayani da Hausa ko Fulatanci ko Mumuye ko Jukunanci, a gaya musu suna da ikon ƙi ba tare da an hana ɗansu magani ba, kwamitin ɗa'a mai malamai da iyaye a ciki ya duba, kuma a dawo a faɗa wa mutane abin da aka samu. Binciken sikila na Kano ya nuna ana iya yin haka a garin da aka taɓa cin amana.

Abin da nake roƙo a fara da shi daftari ne. Ibadan ta buɗe rajistar ciwon daji tun 1960. A Gwagwalada, Farfesa Obiageli Nnodu da abokan aikinta sun nuna cewa ana iya auna sikila da ɗigon jinin jariri a wurin allurar rigakafi, sakamako ya fito cikin mintoci uwa tana zaune. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Jiha da ke garin nan su haɗa littafi guda, asibitocin Wukari da Takum da Gembu da Bali da Zing su riƙa aiko da nasu duk wata, har ƙananan hukumomi 16 su shigo. A rubuta sunan yaro da garinsu da mai unguwarsu, da ranar da aka fara ganin alama da ranar da ya iso, da inda aka fara kai shi, da maganin da aka ba shi, da lambar waya biyu, ta uba da ta wani maƙwabci. A kuma naɗa ma'aikaciyar jinya guda, da albashinta da katin wayarta da babur, wadda aikinta shi ne duk yaron da ranar allurarsa ta wuce bai zo ba ta kira, in ba a ɗauka ba ta aika wa mai unguwa, in ta kama ta je da kanta. Ɗaliban Kwalejin Koyon Jinya da Ungozoma za su iya riƙe littafin a ƙarƙashin malamansu, kuma a ƙarshen kowace shekara a karanta adadin a gaban Mai Martaba Sarkin Muri da Kwamishinan Lafiya, nawa aka samu, nawa suka kammala magani, nawa suka ɓace a hanya da dalilin ɓacewarsu.